Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Sabulun Salo da Tsabar Roba



Ina roƙon ku yi mini haƙuri, domin na san akwai waɗanda da suka ji cewa a kan sabulu za a yi jawabin yau suka yi murmushi, suka ce ashe an rasa abin faɗa. Ga maganar tsadar abinci, ga ta kuɗin makaranta, ga ta rashin aikin yi, sai a tara mutane a kan abin wanka? To, gaskiyarsu. Amma fa Bahaushe ya ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma abin da zan yi magana a kansa bai ma kai haki girma ba.

Bari in fara da yadda na gamu da shi. A hutun da ya wuce na sayi wani man wanke fuska a kasuwa, cikin 'yar kwalba mai kyawun gani, an rubuta a jikinta cewa yana goge dauɗa, yana sa fuska santsi. In an matsa shi a tafin hannu sai a ga wasu 'yan ƙwayoyi shuɗɗa, in an shafa sai a ji kamar yashi mai laushi. Kakata ta gan ni ina ta fama da shi a bakin rijiya, sai ta ce, "Ke kishiya, wannan tsabar da ke ciki ta wane hatsi ce?" Na buɗe baki zan ba ta amsa irin ta 'yan boko, na ga ba ni da ita. Da na koma ɗaki na duba bayan kwalbar, na bi sunayen abubuwan da aka haɗa ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar tsabar nan ba ta hatsi ba ce, ba ta itace ba ce. Roba ce, irin wadda ake yin leda da ita. Watau dai na biya kuɗi na sayi niƙaƙƙiyar leda ina dirza a fuskata, ina kuma kora ta cikin kwata.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu san dalilin da ya sa ake son dirza fata tun farko. Fatar ɗan Adam ba ta zama wuri ɗaya. Kullum sababbin ƙwayoyin halitta suna tasowa daga ƙasa, suna turo tsofaffi sama, su kuma tsofaffin su mutu su kakkaɓe, kuma wannan zagaye yakan ɗauki wajen mako huɗu ga matashi. Idan matacciyar fatar nan ta haɗu da gumi da maiƙo da ƙura, sai jiki ya yi duhu-duhu, ya yi kaushi, ƙofofin gashi su toshe. Mu da muke zaune inda hunturu ke busawa wata uku ko fiye, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Kowa ya san yadda ƙafa da gwiwar hannu suke yin fari fat, da yadda faso ke tsaga dunduniya. Saboda haka buƙatar abin da zai goge fata buƙata ce ta gaske, kuma ta daɗe tare da mutane.

Abin da ya zo sabo shi ne amfani da roba don biyan wannan buƙata. Daga shekarun 1990 kamfanonin kayan kwalliya na Turai da Amurka suka shiga zuba tsabar roba cikin man wanke fuska da sabulun ruwa, har da wasu man goge baki. Mafi yawanta ana yin ta ne da robar da masana ke kira foliyetilin, kuma galibi ƙwaya ɗaya ba ta kai milimita guda ba. Dalilinsu a fili yake. Roba tana da araha, ba ta ruɓewa a cikin kwalba ko ta shekara a kanti, ana iya yin ta kowane launi, kuma ana iya mulmula ta girma ɗaya, babu kaifi. A wajen mai kamfani wannan riba ce kan riba.

To, amma wannan hali na rashin ruɓewa da ya sa ta yi daɗin sayarwa, shi ne kuma aibinta. Wanka minti biyar ne, ita kuwa tsabar da aka kora tana nan shekara da shekaru. A shekarar 2015 masu bincike a Jami'ar Plymouth ta Ingila suka auna irin waɗannan mayuka, suka gano cewa a wanki ɗaya tak mutum na iya sakin ƙwayoyi daga 4,594 har zuwa 94,500, gwargwadon irin man. Ku lissafa da kanku: mutum guda, sau biyu ko uku a mako, shekara guda, sannan ku ninka da yawan masu amfani da shi a birni ɗaya.

Ina take zuwa? A shekarar 2012 wasu masana suka ja taru mai ƙananan idanu a saman Manyan Tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada, suka buga sakamakon a 2013. Sun sami matsakaicin ɓarɓashin roba wajen 43,000 a kowace murabba'in kilomita, a wani wuri kuma cikin Tafkin Erie, kusa da manyan birane, adadin ya haura 460,000. Da yawa daga cikin ɓarɓashin mulmulallu ne masu launi, kamarsu ɗaya da na cikin man wanke fuska. Ku lura fa, waɗannan ƙasashe ne masu matatun ruwan ƙazanta, waɗanda ke kama mafi yawan tsabar kafin ruwa ya koma kogi. Ragowar da ta kuɓuce ce ta taru haka.

Idan ta shiga ruwa, ƙananan kifaye da sauran halittu sukan ɗauke ta a matsayin abinci, domin ta yi kama da ƙwan kifi. Cikinsu ya cika da abin da ba ya narkewa. Daɗin daɗawa, roba tana da halin janyo guba da ke yawo cikin ruwa, irin su ragowar maganin ƙwari, ta manne a jikinta. Babban kifi ya ci ƙarami, mu kuma mu ci babban. A shekarar 2022 masana a birnin Amsterdam na ƙasar Holan suka gwada jinin mutum 22 masu lafiya, suka sami ɓarɓashin roba a jinin 17 daga cikinsu. Ana nan ana ci gaba da binciken irin illar da wannan ke yi wa jiki, amma ba na jin akwai mai hankalin da zai so a ce leda tana yawo a jijiyarsa.

Da abin ya bayyana, ƙasashen da suka ƙirƙiro ta su ne suka fara juya mata baya. Jihar Illinois ta Amurka ta hana ta a 2014. A watan Disamba na 2015 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar da ta shafi ƙasar baki ɗaya, wadda ta tsayar da yin irin waɗannan mayuka daga Yulin 2017, ta tsayar da sayar da su daga Yulin 2018. Ingila da Kanada da New Zealand suka bi sahu a 2018. Tarayyar Turai kuma ta kafa tata dokar a 2023, wadda ta ma fi faɗi, domin ta haɗa da ɓarɓashin robar da ake zubawa da gangan cikin kayayyaki iri-iri.

A nan ne maganar ta zo ƙofar gidanmu. Dokar Amurka a iyakar Amurka ta tsaya, ta Turai ma haka. Duk wanda ya san kasuwanninmu ya san kayan kwalliya suna shigo mana daga ko'ina, wasu da rajista, wasu ta bayan gida, wasu ma ba a san inda aka yi su ba. Kayan da aka rufe wa ƙofa a wata ƙasa, mai shi ba zai zubar ba, zai nemi inda ƙofa take buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bugu da ƙari, a yawancin garuruwanmu ruwan wanka ba ya bi ta wata matata. Daga makewayi sai kwata, daga kwata sai lambatu, daga lambatu sai rafi. Mutanen Kano sun san Jakara, sun san ruwan unguwanni nawa take kwashewa, sun san kuma da ruwanta ake ban-ruwan lambuna kafin ta kai madatsar Wasai inda masunta ke kamun kifi. Kowane gari yana da tasa Jakarar. Abin da matatar Bature ta rage masa, mu namu gaba ɗaya yake tafiya cikin ruwan da muke noma da shi.

Don kada a ce na yi ƙari, bari in faɗi wata gaskiya. Tsabar robar kayan kwalliya ƙaramin kashi ce cikin ɓarɓashin robar da ke shiga ruwayen duniya. Wani rahoto da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta fitar a 2017 ya ƙiyasta cewa cikin robar da ke isa teku tana 'yar ƙarama tun asali, wajen kashi 2 cikin ɗari ne ke fitowa daga kayan wanka da kwalliya, alhali wankin tufafin roba yana ba da kashi 35, gogewar tayoyin mota kuma kashi 28. Ga kuma ledar da ta cika mana tituna da gonaki. Me ya sa to na zaɓi ƙaramin? Domin shi ne wanda ba mu da uzuri a kansa. Barin hawa mota yana da wuya, barin leda yana buƙatar shiri da doka. Amma barin tsabar roba ba ya buƙatar komai sai mutum ya juya kwalba ya karanta, domin abin da zai maye gurbinta yana nan a gidajenmu tun kafin a haifi kakanninmu.

Na farko shi ne sabulun salo. Yadda ake yinsa kimiyya ce tsantsa, ko da yake matan da ke yi ba su shiga aji ba. Ana ƙona ɓawon tsirrai ko karare a sami toka. A kudu sukan yi amfani da ɓawon ayaba da na koko. Sai a tace tokar da ruwa, a sami ruwan toka mai kaifi, a dafa shi tare da mai, ko man kaɗanya, ko manja, ko alayyadi, ana juyawa har ya kama. Gishirin fotash da ke cikin toka shi ke haɗuwa da mai ya zama sabulu, shi ya sa ma sabulun salo yake da laushi, ba ya yin tauri irin na kanti. Ɗan garas-garas ɗin da ake ji a jikinsa ragowar tsiro ce da ta ƙone, ita ce ke goge fata, in ta shiga ƙasa kuma ta zama taki. Yarbawa suna da irinsa, suna ce masa ose dudu, mutanen Gana kuma alata samina. Yau ana lulluɓe shi cikin takarda mai ƙyalli ana sayarwa a kantunan Landan da New York da tsada, mu kuwa nan wasunmu kunyar a gan shi cikin kwandon wankansu suke ji.

Na biyu shi ne soso, wanda ke yaɗo a jikin danga da darni ba tare da an wahala a kansa ba. In ya bushe a ɓare shi, a kakkaɓe 'ya'yan, shi ke nan an sami abin cuɗa. In ya tsufa a jefa shi a juji ya ruɓe. A nan ma akwai abin lura, domin da yawanmu mun bar soson danga mun koma soson roba mai kama da taru, shi kuwa yana zubar da zaruruwan roba a hankali duk lokacin da aka cuɗa da shi. Na uku shi ne dilka, wadda ta zo mana daga Sudan ta hanyar Barno, kuma yau da wuya a yi bikin aure a birane ba a yi wa amarya ita ba. Ana haɗa ta da gari da kurkum da mai da kayan ƙamshi, a shafa, a murza har matacciyar fata ta biyo ta. Sai kuma dutsen goge kaushi, da dussa mai laushi, da sukari ko gishiri cikin mai, waɗanda su narkewa ma suke yi cikin ruwa. Duk waɗannan daga ƙasa suka fito, ƙasa kuma ta san yadda za ta karɓe su.

To, amma fa kada mu fita daga wani kuskure mu faɗa wani. Cewa abu na gargajiya ne bai sa ya zama marar illa ba, ƙaramin sani kuwa ƙuƙumi ne. Fatar mutum tana da ɗan tsami-tsami na halitta wanda ke kare ta. A ma'aunin da masana ke amfani da shi tana wajen 5, sabulu kuwa yakan kai 9 ko 10. Sabulun salon da aka cika wa ruwan toka yana iya busar da fata, har ya yi zafi. Saboda haka ba a goga curinsa kai tsaye a fuska. A murza shi a tafin hannu ya yi kumfa, a wanke da kumfar, a ɗauraye sosai, a bi da man kaɗanya ko wani mai. Haka kuma garin ɓawon ƙwallo mai tauri, in ba a niƙa shi lilis ba, yana da kaifi, yana yi wa fata 'yan ƙananan yanka da ido ba ya gani. Dirza mai ƙarfi sau ɗaya ko sau biyu a mako ta isa. Mai yin ta kullum yana cire fatar da ba ta gama aikinta ba. Soso kuwa a riƙa shanya shi ya bushe bayan wanka, a sauya shi bayan mako uku ko huɗu, kada kuma a yi tarayya a kansa, domin danshi gidan ƙwayoyin cuta ne. Mai ƙuraje masu ruwa ko wani ciwon fata ya bar dirza, ya ga likita.

Akwai kuma wani abin takaici. Wasu masu haɗa sabulu sun gane cewa sunan gargajiya yana jawo ciniki, sai su ɗauki sabulun salo ko dilka su cakuɗa da magungunan sauya launin fata, su ce haɗi ne na musamman. Cikin irin waɗannan magunguna akwai masu ɗauke da sinadarin makuri, wanda ke lalata ƙoda. Sabulun da aka yi alkawarin zai mai da baƙi fari cikin mako biyu ba sabulun kakanninmu ba ne, ko da wane suna aka kira shi. Aikin sabulu ya fitar da dauɗa, ya bar mutum da launin da Allah ya ba shi.

Yanzu me ya rage mana? Abu na farko, mu koyi karanta bayan kwalba. Duk man wanka ko na fuska mai tsaba a ciki, in kun ga an rubuta Polyethylene ko PE, ko Polypropylene ko PP, ko Nylon, ko PMMA cikin jerin abubuwan da aka haɗa, ku ajiye wa mai kanti kayansa. In babu rubutun, ga gwaji mai sauƙi: a matsa kaɗan cikin kofin ruwa, a dama, a tace da farin ƙyalle. Tsabar foliyetilin takan taso saman ruwa, ba ta narkewa, ko an zuba mata tafasasshen ruwa tana nan yadda take; wadda aka yi da kaki kuwa narkewa za ta yi. In kun riga kun saya, kada ku juye ragowar a kwata.

Abu na biyu ya shafi 'yan'uwanmu masu karatun kimiyyar haɗa magunguna da ta sinadarai. Babban abin da ke rage wa sabulun salo daraja shi ne rashin ma'auni: na wannan mata ya yi daidai, na waccan ya yi kaifi. Wannan aiki ne da ɗalibi zai iya ɗauka a bincikensa na shekarar ƙarshe, ya zauna da masu yin sabulun, ya auna tokarsu da mansu, ya fitar musu da ƙa'ida mai sauƙi da Hausa. Ilmin da bai koma ya amfani mutanen da suka biya mana kuɗin makaranta ba, ban san sunan da za a ba shi ba.

Abu na uku naku ne, yayyenmu ma'aikata. Wasunku suna ma'aikatun lafiya da na muhalli da na ciniki, wasu suna kwastan, wasu wataƙila suna hukumar NAFDAC, wadda tun kafa ta a 1993 aka ɗora mata kula da kayan kwalliya tare da abinci da magunguna. Takardar da ƙaramin ma'aikaci ya rubuta yau, ita ce gobe ke zama manufa. Ku tayar da maganar a ofisoshinku, ku tambaya me ke shigowa ta iyakokinmu. Ku tuna kuma akwai arziki a ciki. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan ƙwallon kaɗanya, jihohin Neja da Kwara da Kebbi cike suke da itatuwanta, amma mun daɗe muna sayar da shi ɗanye, a sarrafa a waje, a dawo mana da shi cikin kwalba da ninkin kuɗi. Wannan ne ya sa a watan Agusta na 2025 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon na wata shida, don a ƙarfafa sarrafa shi a gida. Kowane curin sabulun salo da muka saya, kuɗinsa yana zuwa hannun matar da ta tsinci kaɗanya da wadda ta dafa sabulun.

Jama'a, ban zo in ce duk abin da ya fito daga waje mugu ne ba, ni kaina da littafin Bature nake karatu, kuma binciken masanansu ne ya tona asirin tsabar nan. Abin da nake cewa shi ne mu daina karɓar abu don kwalbarsa ta yi kyau, mu daina raina abu don a gidanmu aka yi shi. Waɗanda suka ƙirƙiro tsabar roba sun gwada ta, sun ga aibinta, sun hana ta, suna kuma neman irin abin da ke cikin kwandon wankan iyayenmu. Zai zama abin kunya a ce mu ne na ƙarshe da za su gane.

Da na koma wajen kakata na ba ta amsar tambayarta, na ce mata tsabar ta leda ce, sai ta yi dariya, ta gutsuro mini sabulun salo daga nata, ta ce in riƙe, kada in gaya wa mijinmu ita ta ba ni. Da shi nake wanka har yau.

Nan zan dasa aya. In na yi daidai daga Allah ne, in na yi kuskure daga gare ni ne, ku gafarce ni.